Masu Farautar Lambobin Yabon Likitocin Sojan Ruwa

A ɗakunan gwanjo na birnin London, irin su Spink da Noonans, akwai wasu masu saye da ba su cika damuwa da lambobin janar-janar ba. Abin da suke nema shi ne lambar yabon likita, ko ma'aikacin jinya, da ya yi aiki a rundunar sojan ruwa ta Birtaniya.

Dalilin wannan sha'awa yana gefen lambar. Bisa al'ada Birtaniya takan zana sunan soja da muƙaminsa a gefen lambar da ta ba shi, sau da yawa har da sunan jirginsa. Da yake jirgin yaƙi mai ɗaruruwan sojoji ba ya ɗaukar likitoci sai ɗaya ko biyu, lambar da ke ɗauke da sunan likita ba ta da yawa, kuma tana da tsada. Da wannan suna ne mai tarawa yake bin sawun mutumin cikin kundayen tarihi. Akasarin lambobin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa an raba su ne ba suna, shi ya sa darajarsu ba ta kai ta na baya ba.

Sunan da ya fi fice a wannan fage shi ne William Maillard, likita ɗaya tilo na sojan ruwan Birtaniya da ya sami Victoria Cross, lambar jaruntaka mafi girma a ƙasar. A ranar 6 ga Satumba, 1898, a Kandiya da ke tsibirin Kirit, ya koma cikin ruwan harsashi don ɗauko wani soja da aka raunata a cikin kwale-kwale. Bai iya ɗaga shi ba. Ya dawo ba ko ƙwarzane, amma harsasai sun huhhuda tufafinsa.

Wasu lambobin suna da ɗaci ga mutanen Afirka, kamar wadda aka rubuta wa "Benin 1897", ta harin da aka kwashe kayan tarihin masarautar Benin.

Kuɗi dai sun jawo 'yan damfara. Akan kankare sunan wani ƙaramin soja, a zana na likita, don haka gogaggun masu saye sukan auna faɗin lambar, su duba siffar haruffan da madubin ƙara girma kafin su taya.

Akwai kuma saɓani kan cinikin kansa. A Amurka doka ta haramta sayar da Medal of Honor, wadda ma'aikatan jinya na sojan ruwan ƙasar fiye da 20 suka samu. A Birtaniya babu wannan hani, kuma iyalai da dama, har da tsofaffin sojoji da kansu, sukan kai lambobinsu gwanjo idan bukata ta matsa. Masu tarawa suna cewa su ne ke adana tarihin da jikoki suka manta. Masu suka kuma na cewa abin da ya shiga akwatin attajiri, da wuya jama'a su sake ganinsa.