Radon: Iskar da ke shiga gida ba sallama

Radon iska ce marar launi da wari, mai fitowa daga yuraniyam ɗin cikin duwatsu, ta sulalo gida ta tsagar daɓe. Bayan sigari, ita ce kan gaba wajen haddasa sankarar huhu.

A 1984, kusa da ƙaramin garin Boyertown na jihar Pennsylvania a Amurka, an gano gidan da radon ɗinsa ya ninka ƙa'ida sau ɗaruruwa.

Gwajin ba wuya. Ana ajiye gwangwanin gawayi na musamman a ɗakin ƙasa kwana 2 zuwa 7, tagogi a rufe, sannan a aika ɗakin bincike. In awon ya kai pikokuri 4 a lita, hukumar muhallin Amurka ta ce a gyara. Yawanci bututu da fanka ake sawa su zuƙe iskar su fitar da ita waje.

Sakamakon maƙwabci ba naka ba ne, kowa ya gwada gidansa.