Majigin Apollo 13: Kumbon da Bai Sauka a Wata Ba

Shirin kimiyya na wannan mako a kan wani majigi ne mai suna Apollo 13, wanda aka fitar a Amurka cikin shekarar 1995, har yau kuwa mutane ba su gaji da kallonsa ba. Labarin da ya ƙunsa ba ƙage ba ne, ya faru cikin 1970, kuma yawancin masu kallo sun san ƙarshensa tun kafin su zauna. Duk da haka sai ka ga mutum ya yi tsit, gabansa na faɗuwa, har a tashi. Dalili kuwa shi ne majigin ya nuna yadda aka ceto rayukan mutum uku da ilmi da lissafi, suna nesa da gida wajen mil 200,000.

Ran 11 ga Afrilu 1970 kumbon ya tashi daga jihar Florida. Jim Lovell ne madugu, tare da shi akwai Jack Swigert da Fred Haise. A lokacin an riga an sauka a wata har sau biyu, saboda haka jama'a sun fara ɗaukar tafiyar kamar zuwa kasuwa. Ran 13 ga wata da dare, 'yan sama jannatin suka aiko da hotunan yadda suke zaune cikin kumbo, amma manyan gidajen talabijin na Amurka ba su ma damu da nunawa ba. An gama aikowa da 'yan mintoci, sai aka ji wata ƙara, kumbon ya girgiza. Kafin gari ya waye duniya duka ta kasa kunne.

In ana so a gane girman masifar, sai a san yadda aka gina kumbon. Kashi uku ne. Na farko ɗaki ne mai tsini kamar kan bukka, sunansa Odyssey, cikinsa mutanen ke zama, shi kaɗai ne kuma ke iya komowa duniya. Na biyu kamar rumbu yake, a nan babban inji yake da tankunan iska. Na uku ƙaramin kumbo ne mai suna Aquarius, wanda aka yi domin sauka a wata. A cikin rumbun akwai waɗansu na'urori da ke haɗa iskar oksijin da ta haidirojin, su ba da wutar lantarki, su kuma ba da ruwa. To, ɗaya daga cikin tankunan oksijin biyu ne ya fashe, ɗayan kuma ya shiga yoyo. Ke nan hasara uku aka yi lokaci guda: iskar shaƙa, da wutar lantarki, da ruwan sha.

Me ya fasa tankin? Binciken da aka yi daga baya ya nuna tun a ƙasa ya sami lahani. Akwai wani ɗan makunni a cikinsa, aikinsa ya kashe na'urar ɗumama tanki in zafi ya yi yawa. An ƙera shi don wuta mai ƙarfin bolt 28, amma wajen gwaji aka ba shi mai 65, sai ya narke ya liƙe. Na'urar ta yi ta ci wajen awa 8, zafin ya lalata rigar wayoyin da ke ciki, ba wanda ya lura. Sa'ad da aka umurci Swigert ya kunna fankar da ke motsa iskar tankin, sai tsirarun wayoyin suka yi tartsatsi, wuta ta kama. Dama Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masana da ke lura da tafiyar daga birnin Houston suka yanke shawara a fasa sauka a wata. Aka kashe kome na Odyssey domin a adana ɗan batirinsa na ranar komowa, mutanen suka ƙaura zuwa Aquarius. Shi kuwa an yi shi ne don mutum biyu su yi kwana biyu, ga shi yanzu zai ɗauki uku har kusan kwana huɗu. Juyawa nan take ba ta yiwu ba, gama ba a amince da babban injin ba bayan fashewar. Sai aka bar kumbon ya ci gaba, ya kewaya ta bayan wata, ƙarfin jan da wata ke da shi ya lanƙwasa hanyarsa, ya maido shi wajen duniya, kamar yadda majajjawa ke kewaya da dutse kafin ta sake shi. A wannan kewayen suka kai nisan mil 248,655 daga duniya, nisan da kafin su ba ɗan Adam da ya taɓa kaiwa.

Wurin da masu kallo suka fi so a majigin shi ne batun numfashi. Duk sa'ad da mutum ya fitar da numfashi yana fitar da wata iska mai suna kabon dayoksaid. A fili ba ta cutarwa, amma a rufaffen ɗaki takan taru, ta sa ciwon kai da ruɗewa, daga nan suma, daga nan mutuwa, ko da akwai sauran oksijin. Akwai gwangwanaye masu ɗauke da wani sinadari mai tsotse ta, amma na Aquarius ba za su ishi mutum uku ba. Na Odyssey suna nan da yawa, sai dai su masu kusurwa huɗu ne, ramin Aquarius kuwa zagayayye ne. Injiniyoyi a Houston suka tattara irin kayan da suka san akwai cikin kumbo: jakar leda, da kwalin bangon littafi, da mesar rigar 'yan sama jannati, da tef mai danƙo. Suka harhaɗa, suka gwada, sa'an nan suka karanta wa mutanen yadda za su yi ta rediyo, daki daki, domin ba halin aika hoto. Da aka haɗa, iskar ta fara tsarkaka.

Sauran wahala ita ce sanyi da ƙishirwa. Da aka kashe na'urori zafin da suke bayarwa ya tafi, sanyi ya kai wajen digiri 3 a ma'aunin Selshiyos, watau kusa da inda ruwa ke daskarewa. Barci ya gagara. Ruwan da kowa ke sha a yini bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, gama injuna ma suna bukatar ruwa don su huce. Haise ya kamu da ciwon mafitsara, ya yi ta fama da zazzaɓi.

Shigowa cikin iskar duniya kuma wani hatsari ne. In kumbo ya shigo a tsaye da yawa, zai ƙone. In ya shigo a kwance da yawa, zai yi tsalle ya koma sama, kamar tsingaron da yaro ya jefa bisa ruwa. Da aka ga hanyar ta ɗan karkace, ga shi kwamfutar kumbo a kashe, sai Lovell ya saita da ido, yana duban duniya ta taga, aka kunna inji daƙiƙa 14, Swigert na ƙidaya da agogon hannu. Ran 17 ga Afrilu suka koma Odyssey, suka saki Aquarius. Zafin shigowa yakan katse rediyo na 'yan mintoci, amma a wannan karon shirun ya kai wajen minti 6, ya wuce yadda aka zata. Sa'an nan aka ji muryar Swigert, lemomi uku suka buɗe, kumbon ya sauka a tekun Fasifik, jirgin ruwa mai suna Iwo Jima ya ɗauke su.

Ron Howard ne ya shirya majigin, daga littafin da Lovell da Jeffrey Kluger suka wallafa a 1994, Tom Hanks kuma ya fito a matsayin Lovell. Mai kallo zai ga 'yan wasa suna yawo cikin iska ba nauyi, ya zaci dabo ne. Ba dabo ba ne. An ɗauki hoton cikin wani jirgin sama na hukumar NASA, wanda kan hau sama da ƙarfi, sa'an nan ya bi hanya irin ta dutsen da aka wurga. A wannan hali jirgi da mutanen ciki tare suke faɗuwa, saboda haka ba mai danne wani. Misalinsa guga ne da tsakuwa a ciki: in aka saki igiya a rijiya, tsakuwar ba ta danna gindin guga har su isa ruwa. Kowane hawa yakan ba da wajen daƙiƙa 25 kawai, don haka sai da aka yi fiye da sau 600. Majigin ya ci lambar Oscar biyu. Lovell da kansa ya fito a ƙarshe cikin kayan hafsan sojan ruwa, yana yi wa Hanks barka da sauka.

Amma kada a ɗauki kome da ke ciki tamkar tarihi. An nuna mutanen suna cacar baki cikin kumbo, alhali kuwa su da kansu sun ce ba su yi ba, muryoyinsu da aka ɗauka ma a natse suke. Har wa yau, aikin da injiniyoyi masu yawa suka yi dare da rana an ɗora shi a kan 'yan mutane kaɗan, don labari ya yi daɗin bi. Gwangwanin nan da leda da kwali kuwa gaskiya ne.

Lovell ya je wata sau biyu, a 1968 da 1970, bai taɓa taka ta ba. Ya rasu a 2025 yana da shekara 97. Bayan Apollo 13 an sake fasalin tankunan, aka ƙara na uku a wuri dabam, aka kuma sauka a wata sau huɗu lafiya kafin ƙarshen 1972.