Boris ɗin injin datsar kara: a canza shi tun yana kuka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, an kwashe karan hatsi da na dawa. Yanzu ne lokacin injin datsar kara. Karan da aka datse, aka gauraya da dusa da harawa, bisashe sun fi cinye shi, ba su barin saura da yawa. Amma idan injin ya tsaya a tsakiyar rani, bisashe ne za su sha wuya. Sau da yawa ƙaramin abu ne yake tsayar da shi: boris, wanda makanikai ke ce ma rulma.

Wuƙaƙen injin suna ɗaure a kan sandar ƙarfe. Sandar tana juyawa a cikin boris biyu. Kowane boris zobe biyu ne, na ciki da na waje, da ƙwallayen ƙarfe a tsakaninsu. Idan ƙura ta shiga, ko giris ya bushe, ƙwallayen sai su fara cinyewa.

Yaya ake gane boris ya gaji? Injin yana gurnani, yana karkarwa fiye da kullum. Gidan boris ɗin yana zafi har hannu ba ya jimrewa. A kashe mota, a cire bel, a juya sandar da hannu. Idan an ji kamar tana taka yashi, boris ya mutu. A girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa, ya mutu.

Kada a ce bari a ƙare aikin mako. Boris da ya kame yana cin sandar, yana faɗaɗa gidansa. Wuƙa tana iya bugun jikin injin ta karye, ta ji ma mutum rauni. Kuɗin sanda ya fi na boris nesa.

Ga yadda ake canzawa. Da farko a cire hular buji. Idan motar gazuwal ce, a rufe mai. Idan na lantarki ne, a yanke wuta. A tokare wuƙa da guntun icce, sannan a kwance noti. A jera kowane ƙarfe a kan buhu yadda aka fitar da shi, don kada a rikice wajen mayarwa.

A duba lambar da ke jikin tsohon boris, a rubuta ta. Lamba 6204 ramin tsakiyarta milimita 20 ne. Lamba 6205 milimita 25 ne. Idan an ga 2RS bayan lambar, boris ne mai murfin roba gefe biyu, da giris ɗinsa a ciki. Shi ya fi dacewa da wurin ƙura. A sayi biyu, a canza su tare. Sabo ɗaya da tsoho ɗaya ba su daɗewa.

A goge sandar da gidan da tsumma mai tsabta. Kada a bugi sabon boris da guduma kai tsaye. A sami guntun bututun ƙarfe. In a kan sanda ake sa shi, bututun ya hau zoben ciki. In a cikin gida ake sa shi, ya hau zoben waje. A buga sannu sannu, ya shiga daidai, ba a karkace ba.

Bayan an mayar da komi, kada a ɗaure bel ya yi tauri ƙwarai. A danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. Bel mai tauri yana kashe boris. Wuƙaƙe kuma nauyinsu ya zama ɗaya, a wasa su tare.

Kowace ƙungiya mai injin ta ajiye boris biyu a ma'ajiya, ta rubuta lambarsu a littafinta. Allah ya kai mu damana lafiya, da mu da bisashenmu.