Ƙuri'a uku a Chattanooga: Yadda ƙungiyar ƙwadago ta kutsa masana'antun motoci na kudancin Amurka

A daren Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024, aka kammala ƙidayar ƙuri'u a masana'antar Volkswagen da ke Chattanooga, a jihar Tennessee. Ma'aikata 2,628 ne suka amince da shiga UAW, ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Amurka, yayin da 985 suka ƙi. Wannan ne karon farko da ƙungiyar ta ci zaɓe a masana'antar haɗa motoci ta wani kamfanin ƙetare a kudancin ƙasar.

Sau biyu ta sha kaye a wannan wuri. A 2014 an kayar da ita da ƙuri'u 712 da 626, a 2019 kuma da 833 da 776.

A Amurka, hanyar da aka saba bi ita ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na ma'aikata su sa hannu kan buƙatar wakilci, sannan hukumar tarayya mai kula da hulɗar ƙwadago, NLRB, ta shirya zaɓe na sirri. Idan masu goyon baya suka yi rinjaye, doka ta wajabta wa kamfani ya zauna teburin tattaunawa da ƙungiyar kan albashi da sharuɗɗan aiki.

Kudancin ƙasar ya daɗe yana gagarar ƙungiyoyin ƙwadago. Jihohinsa na da dokokin da suka hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya. Wannan, tare da arhar ƙwadago da rangwamen haraji, ya jawo kamfanoni irin su Nissan, Hyundai, BMW da Mercedes-Benz suka kafa masana'antunsu a yankin.

Yajin aikin 2023 ne ya sauya lissafi. Ƙarƙashin sabon shugabanta, Shawn Fain, UAW ta shafe kusan makonni shida tana yajin aiki a Ford, General Motors da Stellantis, ta kuma samo ƙarin albashi na kashi 25 cikin 100 a tsawon wa'adin yarjejeniyar. Ba a jima ba Toyota, Honda da Hyundai suka ƙara wa nasu ma'aikatan albashi, duk da ba su da ƙungiya. Ma'aikatan kudu sun ga abin da haɗin kai ya saya wa takwarorinsu. UAW kuwa ta ware dala miliyan 40 domin faɗaɗa kamfe.

Ana jajibirin zaɓen Chattanooga, gwamnonin jihohi shida na kudu, dukkansu 'yan Republican, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa shigowar ƙungiyar za ta jefa guraben aiki cikin haɗari. Gargaɗin bai hana ma'aikatan Volkswagen ba.

Sai dai wata guda bayan haka, ranar 17 ga Mayu, ma'aikatan Mercedes-Benz a jihar Alabama suka ƙi amincewa da ƙuri'u 2,642 da 2,045. UAW ta zargi kamfanin da tsorata ma'aikata, kamfanin ya musanta. Bisa doka, sai bayan watanni 12 ake iya sake zaɓe a wurin da aka riga aka kaɗa ƙuri'a.

Ko a inda aka yi nasara, ƙuri'a ƙofa kawai take buɗewa. Albashi, inshorar lafiya da tsarin hutu duk sai an fafata a kansu kafin a rattaba hannu kan yarjejeniyar farko. Da abin da ta ƙunsa ma'aikatan sauran masana'antu za su auna ko kuɗin ƙungiya ya cancanci a cire shi daga albashinsu.