Wasannin Kalmomin Turanci: Tsakanin Haddar Kalma da Sanin Ma'anarta

A watan Nuwamba na shekarar 2015, wani ɗan Najeriya mai suna Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, bayan ya doke Lewis Mackay na Ingila a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. A wannan shekarar ce kuma Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta wannan wasa a harshen Faransanci, alhali ba ya jin Faransanci. Abin da ya yi shi ne haddace jerin kalmomin da aka yarda da su cikin 'yan makonni. Waɗannan al'amura biyu sun isa su sa malamai da ɗalibai su tsaya su tambayi kansu: mene ne ainihin sanin kalma?

Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Alfred Butts, shi ne ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, aka kuma raɗa masa sunan Scrabble a 1948. Butts ya ƙididdige yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci, sannan ya ba haruffan da ba a cika amfani da su ba maki mafi tsoka. Shi ya sa Q da Z ke da maki goma-goma, E kuwa, wanda ke da ƙwayoyi 12 cikin ƙwayoyi 100 na wasan, maki ɗaya tak gare shi. Dokar wasan ba ta buƙaci ɗan wasa ya faɗi ma'anar abin da ya jera ba. Muddin kalmar tana cikin jerin kamfanin Collins, mai ɗauke da kalmomi sama da 270,000, ta karɓu.

Don haka ƙwararru kan haddace gajerun kalmomi irin su "qi" da "aa" da "xu". Ta farko na nufin ƙarfin rai a falsafar Sinawa, ta biyu wani kaushin dutse ne da aman wuta ke bari, an aro ta daga harshen Hawai, ta uku kuwa ƙaramin kuɗi ne a ƙasar Biyetnam. Kowace kalma tana ɗauke da labarin wata al'umma, amma mai neman maki zai iya ajiye ta a kan allo ba tare da ya taɓa jin labarin ba.

Wasan cike gurbin kalmomi, wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World a 1913, ya bi wata hanya dabam. A nan ma'ana ake ba mutum, shi kuma ya lalubo kalmar. Wanda bai san cewa "bank" na iya zama banki ko gaɓar kogi ba, ko cewa "bark" na nufin haushin kare da kuma ɓawon itace, zai daɗe yana kallon gurbi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kalmar "ci" kaɗai ta ishe mu misali: cin tuwo, cin jarrabawa, cin amana, cin bashi, cin kasuwa. Baƙon da ya haddace cewa "ci" sa abinci a baki ne, zai ruɗe ranar da aka ce masa wane ya ci sarauta.

Dalilin kawo wannan bayani shi ne halin da ɗalibanmu ke ciki. Ba a shiga jami'a a Najeriya sai da sakamako mai kyau a Turanci, kuma jarrabawar WAEC da ta JAMB suna tambayar kalma mai kama da wata ko kishiyarta a cikin jimla. Ɗalibi da yawa kan tunkari wannan sashe kamar yadda Richards ya tunkari Faransanci, wato da hadda zalla. Hadda na iya kai mutum ga kofi, amma ba ta rubuta masa rahoto mai ma'ana, ba ta kuma fahimtar da shi littafin shari'a ko na likitanci.

Wannan ba kira ba ne a yi watsi da wasannin. Suna koyar da rubutun kalma daidai, da ɗafe-ɗafen gaba da na baya, da lissafi cikin hanzari, ga shi ba su da tsada. Abin da ake bukata ƙaramin gyara ne. Makarantun da ke da ƙungiyar wannan wasa su kafa sharaɗin cewa ba a ba da maki sai ɗalibi ya faɗi ma'anar kalmarsa, ya kuma saka ta a jimla. A ajiye ƙamus kusa da allo. Mai buga Wordle a wayarsa, wasan nan na kalma mai haruffa biyar da jaridar New York Times ta saya a 2022, ya saba wa kansa duba ma'anar kalmar kowace rana.

Haka kuma ya kamata jaridunmu na Hausa su ware gurbi na irin waɗannan wasanni a harshenmu, tunda kacici-kacici da karin magana sun riga sun share fage. Yaron da ya saba farautar ma'ana a harshen uwa, ba zai sha wahalar yin haka a Turanci ba.