Gubar dayoksin: daga gona zuwa bakin teku

Dayoksin guba ce da ba wanda yake sarrafa ta da gangan. Tana samuwa ne a matsayin gurɓatacce yayin haɗa wasu sinadarai masu kulorin a masana'anta, ciki har da magungunan kashe ciyawa irin su 2,4,5-T da PCP, kuma tana fitowa idan aka ƙona robobi da shara a fili. Ba ta narkewa a ruwa. Sai ta manne wa ƙasa da laka, ta shiga jikin ƙananan halittun ruwa, daga nan kifi, ta taru a kitsensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake bi, kuma jiki kan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabinta. A 1997 aka sanya mafi haɗarinta, TCDD, cikin abubuwan da ke haddasa kansa.

Japan ce ta fi nuna yadda gona ke gurɓata teku. Manoman shinkafa a can sun yi ta fesa PCP da wani maganin ciyawa mai suna CNP tun shekarun 1960. An daina amfani da su, amma da masana suka haƙo lakar mashigin tekun Tokyo, sai suka tarar kaso mai yawa na dayoksin da ke ciki daga waɗannan magunguna ya fito, ruwan sama ne ya yi ta wanko shi daga gonaki. A Sidni ta Ostiraliya kuwa, ragowar wata masana'antar 2,4,5-T ce ta sa aka hana kamun kifi na sayarwa a tashar ruwan birnin a 2006.

A nan Najeriya kuwa, Birnin Gwari tana nesa da teku, amma ruwanta can yake zuwa. Kogin Mariga da rafukan dajin Kamuku suna gangarawa Kogin Kaduna, shi kuma ya faɗa Kwara, har Tekun Atilantika. Ƙasa ce ta masara da shinkafa, inda maganin feshi ya rage wa manomi wahalar noman rani da damina, kuma 2,4-D na cikin waɗanda manoman Arewa suka saba da su. Tsabtarsa daga dayoksin ta dogara ne da yadda aka haɗa shi a masana'anta, shi ya sa maganin da ba shi da lambar NAFDAC abin gudu ne komai arharsa. Wanke famfon feshi a rafi da ƙona robobin magani a bakin gona su ma hanyoyi ne da ke kai guba ga ruwa, kuma masu cin tarwaɗar wannan rafin ne za su fara ɗauka kafin mutanen bakin teku.

Daji yana da nasa amfanin a nan, domin saiwar bishiya tana riƙe ƙasa. Inda aka sare itace don gawayi, zaizaya takan kwashe laka da duk abin da ya manne mata. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta wajabta wa ƙasashe rage fitar dayoksin.