Bugun Badujala da Takun Soja

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti ya ga yadda ƙafafun sojoji ke sauka daidai da bugun babbar ganga. Amma ba kowa ya san cewa bugun nan ƙidayayye ne ba. A yawancin rundunonin Birtaniya, 'yan badujala kan buga ne a kan taku 120 cikin minti guda. Ita kuwa rundunar The Rifles, wadda aka kafa a 2007, taku 140 take yi, in ta koma sassarfa kuma sai 180.

Saurin nan ba burga ba ce, gado ne. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, sojan ƙasa sahu suke yi kafaɗa da kafaɗa, ganga na ba su umarni. Sai aka ware wasu marasa nauyin kaya, aikinsu su riga kowa isa gaba, su bazu, su laɓe a bayan itatuwa da duwatsu suna ɗauki ɗai-ɗai, in abu ya yi zafi su janye da hanzari. Janar John Moore ne ya horar da irinsu a sansanin Shorncliffe tun 1803, cikinsu har da runduna ta 95 mai korayen riguna, a lokacin da sauran ke sanye da ja. Mutanen da suka watsu cikin daji ba ganga ce za ta tattaro su ba, shi ya sa aka ba su bigila, wadda kukanta ke ratsa nesa. Har gobe bigila ce ke kan gaba a kiɗan The Rifles, magadansu.

Sojojin rundunar Bersaglieri ta Italiya, da aka kafa a 1836, sun fi kowa kai abin maƙura. A guje suke fareti, gashin tsuntsu na kaɗawa a hulunansu, masu busa ma a guje suke busarsu. Ni dai har yanzu numfashinsu ke ba ni mamaki.

Akwai kuma masu tafiyar ƙasaita. Rundunar baƙi ta Faransa taku 88 kacal take yi, saboda haka a faretin 14 ga Yuli a Paris ita ake bari ƙarshe cikin masu tafiya a ƙasa, don kada ta tare wa na bayanta hanya.

In ka sake cin karo da fareti, dubi agogonka ka ƙirga bugun cikin daƙiƙa 15. Idan 30 ka samu, takun gama-gari ke nan. Idan ya kai 35, magadan mutanen Moore kake kallo.